Zauren Kwamfuta: Yadda ake faɗaɗa hoto ba tare da kusurwoyinsa sun baje ba

  

A wannan makon na ajiye abin da na shirya kawo muku, saboda wani saƙo da ya zo mini daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a wata makarantar sakandare da ke Samaru. Ta roƙi kada in ambaci sunanta ko na makarantar, na kuwa amsa mata. Ita ce sakatariyar ƙungiyar muhawara ta makarantarsu. An ɗora mata aikin tsara takardar yabo da za a raba wa waɗanda suka yi fice a gasar da aka kammala. Ta samo wani firam mai kyau a intanet, kore da ruwan zinare, an zana dagin Arewa a kowace kusurwa. Sai dai firam ɗin murabba'i ne, wato tsayinsa da faɗinsa ɗaya, ita kuwa takardar da za a buga A4 ce a kwance. Sai ta kama gefen hoton ta ja har ya cika takardar. Ta hau mota daga Samaru, ta wuce Palladan da Kwangila har Sabon Gari, aka buga mata guda 40 a kan takarda mai kauri, da kuɗin da 'yan ƙungiya suka yi karo-karo. Da ta kawo makaranta, malamin da ke kula da ƙungiyar ya ɗaga ɗaya ya duba, ya tambaye ta ko dagi ne wannan ko kuwa kwaɗon da mota ta taka. Aka kwashe da dariya.

"Malam," in ji ta a ƙarshen saƙon, "kuɗi sun tafi, taron saura mako biyu, ni kuma har yanzu ban gane kuskurena ba. Ai girma kawai na ƙara masa."

Sannu ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Kuskuren nan manya ma suna yin sa. In kika bi ta PZ kika duba fastocin da aka lilliƙa a bango da allunan talla da katunan ɗaurin aure, da wuya ki rasa inda da'ira ta koma ƙwai, ko fuskar mutum ta baje kamar faifai. Abin yana da magani, kuma maganin shi ne dai dabarar da masu ƙera manhajojin waya suke amfani da ita wajen maɓallai da akwatunan saƙo da kuke gani kullum. Saboda haka amsar ta yau ta shafi mai tsara takarda, ta kuma shafi mai sha'awar ƙera manhaja.

Abin da ya sami dagin

Kowa ya ɗauko rula da biro, mu yi ɗan lissafi. Takardar A4 tana da milimita 210 ta gefe ɗaya, da milimita 297 ta ɗaya gefen. In an kwantar da ita, faɗinta 297 ne, tsayinta 210. Mu ƙaddara firam ɗin ƙanwarmu ya cika tsayin takardar, wato 210 ne ta ko'ina. Mu kuma ƙaddara kowane dagi yana cikin wani gida mai milimita 30 a faɗi da 30 a tsayi, layin zinaren da ya kewaye firam ɗin kuma kaurinsa milimita 5.

Da ta ja gefen hoton daga 210 zuwa 297, abin da kwamfuta ta yi shi ne ta raba 297 da 210, ta sami wajen 1.41. Sai ta ninka faɗin duk abin da ke cikin hoton da wannan adadi, ta bar tsayi yadda yake. Dagin da yake 30 da 30 ya koma 42 a faɗi, 30 a tsayi. Ga kwaɗon malaminku nan. Layukan zinare na hagu da dama suka yi ƙiba daga 5 zuwa 7, na sama da ƙasa kuwa suka tsaya a kan 5. In kika duba takardun da aka buga da kyau za ki ga wannan ma, ko da malamin bai ambata ba.

Kwamfuta ba ta san dagi ba, ba ta san wane sashe na hoto ne ado ba, wane ne fili. A wurinta hoto tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel, an jera su layi-layi. In aka ce ta faɗaɗa, sai ta faɗaɗa duka, ba sani ba sabo. Wanda yake son ganin haka da idonsa ya sami balan-balan da ba a hura ba, ya zana da'ira a kansa da biro, ya kama hagu da dama ya ja. Da'irar za ta koma ƙwai nan take.

Wani zai ce, ai da ta ja daga kusurwa maimakon gefe, da hoton bai karkace ba. Gaskiya ne, kuma ƙa'ida ce da ya kamata kowa ya riƙe: a Word da PowerPoint da CorelDRAW, jan hoto daga kusurwa yana ƙara tsayi da faɗi tare, jan sa daga gefe kuwa yana miƙar da shi ta fuska ɗaya. To amma a nan ko wannan ba ya fitar da ita. In ta ja daga kusurwa har faɗi ya kai 297, tsayi ma zai kai 297, alhali takardar 210 ce kawai. Milimita 87 za su fita waje, dagin sama ko na ƙasa ya yanke. Ja ta gefe ya ɓata ado, ja ta kusurwa ya tsallake takarda. To ina mafita?

Yanka tara

Mafitar ita ce a daina ɗaukar firam a matsayin abu guda. A ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ɗaya dab da ƙarshen dagin hagu, ɗaya dab da farkon dagin dama. A kuma ja layi biyu daga hagu zuwa dama, ɗaya a ƙarƙashin dagin sama, ɗaya a saman dagin ƙasa. Layukan nan huɗu sun raba hoton gida tara, uku-uku a jere uku, kamar ramukan dara. Kowane gida yana da dokarsa.

Kusurwoyi huɗu ba a taɓa su. Ba a ƙara musu faɗi, ba a ƙara musu tsayi. Ana ɗaukar kowace a kai ta sabon mazauninta yadda take.

Yankin sama da yankin ƙasa, waɗanda ke tsakanin kusurwoyi, ana miƙar da su hagu da dama kawai. Tunda layi ne a kwance, in ya ƙara tsawo kaurinsa ba ya canzawa.

Yankin hagu da yankin dama ana miƙar da su sama da ƙasa kawai, saboda wannan dalili.

Gidan tsakiya shi ne fili, yana iya miƙewa ta ko'ina, domin babu adon da zai lalace a cikinsa.

Huɗu da biyu da biyu da ɗaya, tara ke nan. Mu koma ga lissafinmu. Faɗin da ake nema 297 ne. Dagin hagu ya ci 30, na dama ya ci 30, jimla 60. A cire 60 daga 297, saura 237. A asalin hoton, yankin da ke tsakanin dagin biyu 150 ne, wato 210 a cire 60. Ashe abin da ake buƙata kawai shi ne a miƙar da wannan yanki daga 150 zuwa 237. Dagi ya zauna a 30 da 30, layin zinare ya zauna a 5 ta kowane gefe, firam kuma ya cika takarda.

Gani ya kori ji. Ku yagi takarda daga littafin lissafi mai gida-gida, ku zana firam mai gida 12 da 12, ku yi ado a kowace kusurwa cikin gida 3 da 3. Ku sa almakashi ku yanka shi tara kamar yadda na faɗa. Ku shimfiɗa babbar takarda, ku kai kusurwoyin nan huɗu kusurwoyinta ku liƙa. Za ku ga giɓi tsakaninsu. Ku sa rula ku ci gaba da layukan har su haɗu. Abin da kuka yi da hannu shi ne abin da waya take yi a duk lokacin da saƙo ya shigo.

Tela da mai ɗab'i sun riga mu

Kada ku ɗauka dabarar nan da kwamfuta ta zo. Birnin Zariya ya yi suna wajen ɗinkin hannu na babbar riga. Ku je wurin mai ɗinki ku kalli riga mai aska biyu ko aska takwas. Rigar gargajiya da siraran ƙyallayen da masaƙa ke saƙawa ake haɗa ta, a jera su gefe da gefe a ɗinke. In ana son riga mai faɗi sai a ƙara yawan ƙyallayen. Babu telan da zai kama aikin wuya da na aljihu ya ja su don riga ta yi faɗi. Aikin yana nan yadda aka zana shi, filin rigar ne yake ƙaruwa.

Haka abin yake a wurin masu ɗab'i na da. A nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a shekarar 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A wancan zamani, a madaba'o'in duniya, da haruffan dalma ake jera shafi. In ana son kewaye sanarwa da ado, mai jera haruffa yana da gutsattsarin ƙarfe iri biyu a akwatinsa: na kusurwa, da na miƙaƙƙen layi. Sanarwa ƙarama ce ko babba, kusurwoyi huɗu zai ɗauko. Abin da ke bambanta shi ne yawan na layin da zai jera a tsakani. Ƙarfe ba ya miƙewa, don haka shi ba ya ma iya yin kuskuren da ƙanwarmu ta yi. Kwamfuta ce ta ba mu ikon jan komai, shi ya sa ya zama dole mu san abin da ake ja da abin da ake bari.

A cikin wayarka

Yanzu ku buɗe duk wata manhajar hira da ke cikin wayar gidanku, WhatsApp ko Telegram ko ta saƙon tes. Ku dubi akwatin da ke kewaye da kowane saƙo. Wani ya rubuto "To", akwatin ɗan ƙarami. Wani ya turo aikin gida na darasin kimiyya mai layi goma, akwatin ya yi tsawo ya yi faɗi. Ku kwatanta kusurwoyinsu. Lanƙwasar iri ɗaya ce a ƙaramin da babban. Ɗan wutsiyar da ke nuna wanda ya yi magana shi ma girmansa ɗaya. Wannan ita ce dokar gida tara tana aiki a gabanku.

Mai ƙera manhaja ba shi da yadda zai yi ya san tsawon saƙon da za ka rubuta gobe. Bai kuma san wayar da za ka riƙe ba. Ku leƙa shagunan waya a Sabon Gari: ga Tecno, ga Infinix, ga itel, ga Samsung. Da yawa daga cikinsu fuskarsu fiksel 720 ce a faɗi da 1600 a tsayi, wasu kuma 1080 da 2400. Ga masu juya waya a kwance, ga masu ƙara girman rubutu saboda idonsu. Ga kuma batun harshe. Abin da Turanci zai faɗa da kalma biyu a kan maɓalli, Hausa kan buƙaci huɗu, kamar "Ka manta kalmar sirri?" In an fassara manhaja zuwa Hausa, dole maɓallin ya ƙara faɗi ya ɗauki rubutun. Da a ce kowane girma sai an zana masa hotonsa, da hotunan sun yi yawan da manhajar za ta yi nauyi, ta cinye data wajen saukewa, ta cika ma'ajiyar waya. Da dabarar gida tara, ɗan ƙaramin hoto guda ya wadatar.

Misali, a zana akwatin saƙo mai fiksel 100 a faɗi da 60 a tsayi, kowace kusurwa 20 da 20. Saƙo ya zo da ke buƙatar 300 da 140. Waya za ta cire 40 na kusurwoyi daga 300, ta miƙar da tsakiya zuwa 260. Ta cire 40 daga 140, ta miƙar da tsakiya zuwa 100. Lissafin bai wuce ɗebewa ba, irin wadda kuka koya tun firamare.

Kamfanin Macromedia ya sa wannan dabara cikin manhajarsa ta zane mai motsi, Flash 8, a shekarar 2005. Android kuwa tun fitowarsa a 2008 yana da nasa salon, wanda za mu iya kira hoto mai faci tara. Ana gane irin wannan hoto da sunansa, domin yana ƙarewa da .9.png maimakon .png kawai. Ga yadda yake aiki. Ana ƙara wa hoton wani siririn baki mai kaurin fiksel ɗaya ta gefe huɗu. Wannan bakin ba ya fitowa a fuskar waya, wurin rubuta umarni ne. A bakin sama ana ja baƙin layi a kan sashen da aka yarda ya miƙe hagu da dama. A bakin hagu ana ja baƙin layi a kan sashen da aka yarda ya miƙe sama da ƙasa. Duk inda babu baƙin layi, waya ba ta taɓa shi. Layukan bakin dama da na ƙasa kuwa aikinsu daban: su ne ke nuna filin da rubutu zai zauna, don kada haruffa su hau kan ado. Layin dole ya zama baƙi ƙirin. In ya yi toka-toka, ba za a karɓi hoton ba lokacin haɗa manhaja. Manhajar Android Studio, wadda Google ke bayarwa kyauta, tana da wani kayan aiki mai suna Draw 9-patch, inda za ka ja layukan da linzamin kwamfuta, kana ganin yadda hoton zai kasance in ya miƙe.

Masu gina shafukan intanet suna da irin wannan a harshen CSS, da umarnin da ake rubutawa border-image. Kana ba shi hoto, ka faɗa masa nisan da zai yanka daga kowane gefe, shi kuma ya raba tara. Masu ƙera wasannin waya da na kwamfuta ma haka. Unity da Godot duk suna da wannan dabara, kuma da ita ake yin akwatunan da ke nuna maki ko maganar ɗan wasa. Sai dai in faɗa muku gaskiya, in akwatin da kake so launi ɗaya ne da kusurwoyi masu lanƙwasa, ba ka buƙatar hoto ko kaɗan a yau. Layi biyu ko uku na umarni sun isa waya ta zana shi da kanta. Inda gida tara ke da amfani shi ne inda akwai ado na musamman, kamar dagi, ko zayyana irin ta allo, ko inuwa, ko wutsiyar akwatin saƙo.

Inda dabarar ke da iyaka

Akwai wurare huɗu da ya kamata ku yi hattara.

Na farko, fuskar mutum. Hoton mutum ba shi da filin da za a miƙar. Hanci da ido da kunne duk ado ne a wannan ma'ana, kowanne in ya miƙe an canza kamanni. In hoton fasfo bai dace da gidan da aka tanada masa ba, a yanke gefensa, ko a ƙara girmansa daga kusurwa, kada a matse shi ko a ja shi. 'Yan aji shida ku lura da wannan sosai lokacin rajistar jarrabawa. Takardar shaidar WAEC tana ɗauke da hoton ɗalibi, kuma ita za ku riƙa nunawa shekara da shekaru. Kafin a tura, ka nemi a nuna maka hoton a fuskar kwamfuta, cikin ladabi, ka tabbata kai ne.

Na biyu, ƙanƙancewa. Tunda kusurwoyi ba sa raguwa, hoton ba zai iya zama ƙasa da jimlar kusurwoyinsa biyu ba. Firam ɗin ƙanwarmu ba zai yi ƙasa da milimita 60 ba, sai dai dagi ya hau kan dagi. In ana son sa a ɗan ƙaramin kati, sai a fara rage girman hoton gaba ɗaya daga kusurwa, sannan a yanka.

Na uku, gefen da ke da ado mai maimaituwa. In layin firam miƙaƙƙe ne, ja ba ya cutar da shi. In kuwa an jera ƙananan taurari ne ko zane mai hawa da sauka irin na bakin tabarma, ja zai baje su kamar yadda ya baje dagi. A nan sai a koma ga dabarar mai ɗab'i, a maimaita adon sau da yawa har ya cika. A CSS, kalmar stretch tana nufin a ja, repeat tana nufin a maimaita ko da wani zai yanke, round kuwa tana nufin a maimaita a kuma ɗan daidaita girmansu don kada a sami rabin tauraro a ƙarshe. Mu gwada da lissafi: in kowane tauraro milimita 10 ne, giɓin kuma 237, taurari 23 za su shiga, saura milimita 7. Maimakon a bar guntun tauraro, sai a sa 24, kowanne ya ɗan ragu kaɗan, abin da ido ba zai kama ba.

Na huɗu, wurin da aka ja layin yanka. In layin ya ratsa ta cikin dagi, ko ta cikin wutsiyar akwatin saƙo, wannan sashe ya faɗa yankin da ke miƙewa, zai kuwa baje. Duk abin da kake son ya tsira, ka tabbata yana cikin gidan kusurwa gaba ɗayansa.

Abin da za ki yi kafin taro

Mu dawo gare ki, ƙanwata. Mako biyu ya ishe ki. Ba sai kin nemi wata sabuwar manhaja ba, PowerPoint ɗin da ke ɗakin kwamfutar makarantarku zai yi.

Ki fara saita girman shafin ya zama A4 a kwance. Ki saka asalin hoton, wanda ba a ja ba, ki ƙara girmansa daga kusurwa har ya kusa cika tsayin shafin. Ki bar ɗan fili a gefe, domin yawancin injinan buga takarda ba sa kaiwa can bakin takarda. Ki kwafi hoton ya zama guda takwas. Da umarnin Crop, ki yanke huɗu su zama dagi kaɗai, kowanne na kusurwarsa. Sauran huɗun ki yanke su su zama layin sama, na ƙasa, na hagu da na dama. Na tsakiya ba ki buƙatarsa, nan ne rubutu zai zauna. Ki kai dagin nan huɗu kusurwoyin shafi. Ki ɗauki layin sama ki ja shi ta gefe har ya taɓa dagin hagu da na dama, ki yi wa na ƙasa haka. Na hagu da na dama ba sa buƙatar ja, tunda tsayi bai canza ba. Ki ƙara girman kallon shafin ki duba mahaɗa takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, kada a sami farin giɓi ko karo. In komai ya zauna, ki zaɓe su duka ki haɗe su da umarnin Group, sannan ki ajiye aikin a matsayin PDF, don kada wani abu ya goce in an buɗe shi a wata kwamfutar.

Sai abu na ƙarshe, wanda da kin yi shi tun farko da kuɗin ƙungiya ba su salwanta ba. Kafin ki ce a buga 40, ki ce a buga ɗaya a farar takarda. Shagunan buga takardu suna nan birjik kusa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ba sai kin je Sabon Gari don gwaji ba. Ki sa rula ki auna dagin, faɗi da tsayi. In sun zo ɗaya, ki kai wa malaminku ya gani ya amince. Game da kuɗin kuwa, ki gaya wa 'yan ƙungiya gaskiyar abin da ya faru, ki nuna musu lissafin nan da sabon gwajin. Wanda ya zo da kuskurensa haɗe da gyara, ba a cika juya masa baya ba. Takardun farko ma kada ki zubar, bayansu fari ne, za su yi amfani wajen rubuta maki a muhawara ta gaba.

Ga waɗanda wannan aiki ya burge su, ku sani sana'a ce da ake karantawa. A Samaru ɗin nan, jami'ar da aka kafa a 1962 tana da sashen koyar da zane-zane, da na tsara kayan masana'antu inda ake koyon zanen ɗab'i, da na kimiyyar kwamfuta. Mai tsara fuskar manhaja yana buƙatar idon mai zane da kan mai lissafi, don haka kada ɗan kimiyya ya raina darasin zane, kada ɗan zane ya guje wa lissafi.

Aikin gida

Ga tambayar wannan makon. Akwai hoton maɓalli mai fiksel 120 a faɗi da 48 a tsayi, kowace kusurwa 16 da 16. Ana son ya zama 400 a faɗi da 48 a tsayi. Na ɗaya, in an ja shi ta gefe ba tare da yanka ba, nawa faɗin kowace kusurwa zai koma? Na biyu, in an bi dokar gida tara, nawa faɗin yankin tsakiya zai zama? Na uku, mene ne mafi ƙanƙantar faɗin da maɓallin zai iya yi?

Ku aiko da amsoshinku ta adireshin da aka saba, da sunan makaranta da aji. Wanda kuma ya ci karo da fasta ko katin da aka baje wa kusurwa a unguwarsu, ya auna ya faɗa mana da nawa aka ninka faɗinsa, amma kada ya turo sunan mai shi. Za mu kawo amsa da sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.